Wa ya jera kayan kantin nan, mai shago ko ƙafafunmu?

Saura kwana uku babbar sallah yayata ta kira ni tace in raka ta babban kanti, wai mai da shinkafa da tumatirin gwangwani kawai zata saya, abu uku, har ta lissafa min su a waya. Muka hau trotro, motar haya, daga Nima, ni da ita da ƙaramar 'yarta mai shekara biyar. Da muka fito bayan kusan awa ɗaya da rabi robobi huɗu ne a hannuna, akwai biskit, akwai wani sabulun wanka da ba shi take amfani da shi ba, akwai kofuna guda shida, da turaren ɗaki, da cakulan ɗin da yarinyar ta damƙe a wajen biya ta ƙi saki. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa tana bin risit da yatsa, sikiriti na jiran ta miƙa masa ya duba, sai tace min "kai ƙanina, ni fa ban san ya aka yi ba, kamar an min asiri." Kuɗin ɗinkin yara ta taɓa, shi yasa abin ya tsaya mata a rai har muka iso gida bata ce komai ba, ni ma ya tsaya min.

Toh babu boka a ciki, amma akwai ilimi, kuma ilimin nan daga jikinmu aka ɗauke shi. Duk abinda ka gani a kantin nan, inda aka aje shinkafa, tsayin kantar da aka ɗora madara, faɗin layi, waƙar da ke tashi a hankali, an yi su ne bayan an daɗe ana kallon yadda mutane ke tafiya, ina suke tsayawa, ina hannunsu ke kaiwa, yaushe suke gajiya. Mu muka zana taswirar da ƙafafunmu, mai kanti ya bi sawun ya zuba kaya a kai.

Ni abin bai zo min baƙo ba saboda Mma, mahaifiyarmu, ta yi shekara sama da ashirin tana sayar da gari da wake da shinkafa a kasuwar Nima, kuma tun ina firamare nake zama kusa da ita ranar Laraba in an tashi makaranta. Mma bata taɓa shiga aji ba amma ta san cewa buhun da ke hannun dama na mai tahowa daga bakin titi shi ake fara taɓawa, don haka garin da take so ya ƙare da wuri nan take aje shi. Ta san in ta tula olonka, gwangwanin awo, ya yi tsini kamar dutse mutum zai ji an cika masa ko da abinda ke saman bai fi tafin hannu ba. Ta san in mace ta ɗebi gari ta watsa a baki ta ɗanɗana, rabin ciniki ya faɗa, shi yasa bata taɓa hana kowa ɗanɗanawa. Maƙwabciyarta mai tumatir manya jajaye take ɗorawa a sama, mai alayyaho da kontomire tana yayyafa ruwa duk bayan ɗan lokaci don ganyen ya yi sheƙi. Abinda masu manyan kantuna suke biyan masana su gano musu, matan nan sun gano shi da ido tun da daɗewa. Bambancin yana wani waje, zan zo kansa.

Bara in ɗan koma baya. Kafin 1916 in ka shiga shago a Amurka kamar kiyos ɗin unguwarmu ne, ka tsaya daga waje kace a bani sukari a bani sabulu, yaron shago ya ɗauko ya auna ya ƙulle maka. A shekarar ne wani mutum Clarence Saunders ya buɗe shago mai suna Piggly Wiggly a garin Memfis, inda zaka shiga ta ƙofa ɗaya ka ɗau kwando da kanka, hanya ta bi da kai ta gaban duk kayan shagon kafin ka iso wajen biya, kowane kaya da farashinsa a jiki. Ya rage kuɗin ma'aikata, amma ribar da ta fi wannan ita ce mutum yanzu yana ganin abinda bai zo nema ba, yana taɓa shi, kuma abinda hannu ya ɗauka mayar da shi yana da wuya. Daga ranar aikin yaron shago mai cewa "ba zaki ƙara da wannan ba?" ya koma kan kanta da kwali da kalar roba.

Sai 1937 wani mai kantuna a Oklahoma, Sylvan Goldman, ya lura da wani abu ƙarami, mata suna daina saye da zarar kwandon hannu ya yi nauyi. Ba don kuɗi ya ƙare ba, hannu ne ya gaji. Sai ya ƙirƙiro keken turawa. Da farko mutane suka ƙi shi, maza suna ganin raini ne a ce ba zasu iya ɗaukar kaya ba, mata suna cewa turin keken jarirai ya ishe su, har sai da ya ɗauko mutane ya biya su suna yawo da keken a cikin kanti kamar masu saye, sannan sauran suka kwaikwaya. Ka duba wannan labarin da kyau, kusan duk tsarin kanti haka yake zuwa, a gano abinda ke tsayar da mai saye sai a cire shi daga hanya. Ranar da muka je da Yaya keken ta ɗauka saboda shinkafa mai kilo biyar da galan ɗin mai, kuma da ka aje abu biyu a cikin katon keken nan sai ka ga kamar baka sayi komai ba, fili na kallonka.

Yanzu mu shiga kantin tare. Taku na farko bayan ƙofa, masu nazarin wannan harka sun daɗe da gano cewa mutum baya ganin komai a wurin, ido na sabawa da haske, jiki na sabawa da sanyi, ƙafa na rage saurin titi. Shi yasa mai wayo baya aje kaya masu muhimmanci daf da ƙofa. A nan Akra wannan wajen ma ya fi tsawo don sai ka aje jakarka an baka lamba, ka gaisa da sikiriti, ka goge zufa. Kuma sanyin esi ɗin nan kada ka raina shi, mutumin da ya fito daga cunkoson Tetteh Quarshie da rana tsaka, ya shiga wuri mai sanyi da tsabta babu mai tura shi babu mai ce masa "ago ago", ba zai yi gaggawar fita ba. Lissafin kuwa a fili yake, duk mintin da ka ƙara a ciki akwai yiwuwar wani abu ya ƙara faɗawa keke. Ka lura ba kasafai zaka ga taga ko agogon bango a cikin irin kantunan nan ba. Ni kan shiga bayan azahar in fito in tarar ana kiran la'asar.

Har waƙar ma an gwada ta. A 1982 wani malamin jami'a a Amurka, Ronald Milliman, ya wallafa gwajin da ya yi a wani kanti, wasu ranaku a sa kiɗa mai sauri wasu ranaku mai sanyi. Ranakun kiɗa mai sanyi mutane sun fi tafiya a hankali kuma cinikin ya haura da kusan kashi 38 cikin 100. Kanti ɗaya ne, ba lallai ko'ina ya ba da wannan adadin ba, amma ya isa ya nuna maka cewa kunne na iya rage wa ƙafa sauri mai ita bai sani ba. Haka ƙamshi, gashin burodi da kaza da ake yi a cikin kanti inda kowa zai shaƙa, ai ba rashin fili a baya bane. Wanda ya taɓa wucewa ta gaban mai cincinga, wato tsire, da yamma cikinsa babu komai ya san abinda hanci ke yi wa aljihu.

Akwai kuma maganar dama da hagu. An lura a ƙasashe da yawa mutane in sun shiga sun fi karkata dama su zagaya, wasu masu bincike suna danganta shi da hannun da ake tuƙi a ƙasar, wasu da cewa yawancinmu na-dama ne, muna tura keke da hagu muna ɗauka da dama. Mu nan Ghana da hagu muke tuƙi irin na Ingila sai a watan Agusta 1974 aka koma dama, dattawanmu suna tuna ranar. Ko ma menene dalilin, Mma da buhunta na hannun dama ta riga su.

Abin da ya fi cin kuɗin Yaya shi ne nisan da ke tsakanin kayan da ta zo saye. Shinkafa na can ƙurya, mai na wani layi, tumatirin gwangwani sai ka dawo tsakiya, kaza mai ƙanƙara tana bango na ƙarshe. A Turai da Amurka madarar ruwa da ƙwai ake kaiwa can baya don su ne kowa ke zuwa nema, a nan kuma abinda na fi gani a baya shi ne shinkafa da firiza. In za a yi adalci akwai dalilin aiki a ciki, firij da firiza sun fi sauƙin cikawa daga baya inda mota ke sauke kaya, kuma buhuna masu nauyi suna son kusa da sito. Amma mai kanti ya san sarai cewa tafiyar nan daga ƙofa zuwa ƙurya ita ce kasuwarsa, don a hanyar ne ka wuce kofuna, ka wuce turare, ka wuce sabulu. Kofunan nan shida a bakin layi suke, an tula su kamar dala da jan kwali a sama. Bakin layi shi ne wuri mafi tsada a kanti, kowa sai ya wuce ta nan ko bai shiga layin ba, kuma idonmu ya saba duk abinda aka tula a nan da babban rubutu muna ɗauka an rage masa kuɗi, alhali wani lokacin farashinsa na jiya ne ba a taɓa ba.

Nan ne maganar ta ƙara zurfi, domin kantar kanta haya ake yi. A ƙasashe da dama kamfanonin da ke yin kaya suna biyan masu kanti kuɗi, ko su yi musu rangwame, don a aje kayansu daidai ido ko a bakin layi, musamman in sabon kaya ne. Don haka abinda ka fara gani ba dole shi ne mafi kyau ko mafi araha ba, sau da yawa shi ne mai riba ko wanda mai shi ya fi ƙarfi. Mai araha sai ka sunkuya. Gwada wannan da kanka a layin tumatirin gwangwani ko na madarar gari, dubi sahun da ke daidai fuskarka sannan ka durƙusa ka dubi na ƙasa. Mutane basa son sunkuyawa, tsoho gwiwa na ciwo, mace mai goyo ba zata iya ba, Alhaji da babbar riga baya so, an san da haka. Wannan ne ya fi damuna game da kayan gida, shinkafar da aka noma a arewa ko a yankin Volta, cakulan ɗin Golden Tree da ake yi a Tema, man kaɗe, zuma, in ƙaramin ɗan kasuwa bashi da ƙarfin da zai sayi wuri mai kyau ko ya jira a biya shi bayan makonni, kayansa zasu zauna a inda ido baya kaiwa, bayan wata uku a ce ba sa tafiya a cire su. Shinkafar Biyetnam da Tailan kuwa tana tsaye daidai ƙirjinka cikin buhu mai sheƙi.

Kuma ido ba ɗaya bane, akwai idon babba akwai idon yaro. Abinda ke daidai gwiwarka yana daidai fuskar ɗan shekara biyar. Mun zo layin biya mutum wajen takwas a gabanmu, ga zafin jira, Yaya na lissafi a zuci, yarinyar kuwa tana tsaye fuskarta da kwalin cakulan bai fi taku ɗaya ba. Ta ɗauka, uwar ta karɓe ta mayar, ta sake ɗauka, sai kuka, mutane suka fara juyowa, wata mata a baya tace da Turanci a bar yarinya mana. Yaya ta kalle ni ta kalli mutane sai ta jefa shi cikin keke. Kunya ce ta sayi cakulan ɗin nan. Wanda ya tsara wajen ya san uwa a gaban jama'a bata son a ga ɗanta na kuka kan abin sidi kaɗan, ya san kuma wanda ya gama zagaye ya gaji da cewa a'a. A Ingila tun watan Oktoba 2022 doka ta hana manyan kantuna aje kayan zaƙi da masu yawan mai da gishiri a wajen biya da bakin layi da bakin ƙofa, saboda ƙibar yara. Ni a ganina wannan ba ƙaramin abu bane, gwamnati ce da kanta ta yarda cewa wurin da aka aje kaya yana iya fin ƙarfin niyyar mutum. Mu da ciwon suga da hawan jini suka cika gidajenmu a zango ya kamata mu fara wannan maganar.

Sai farashi. 19.99, 49.99, ido daga hagu yake fara karanta lamba sai ya riƙe 19 ya manta cewa 20 ce. A nan abin ma har ya fi, don pesuwa ɗayan nan ba wanda zai baka canjinta, ka biya 20 cif. Ga kuma tsofaffinmu da har yau suke lissafi da tsohon kuɗi, tun da aka cire sifili huɗu a 2007 Mma bata daina cewa dubu ɗari biyu ba in tana nufin sidi 20, toh ka kai irin wannan gaban kanta mai ɗigo da lambobi, sai ta nemi wanda zai fassara mata. Akwai kuma "sayi biyu a baka ɗaya", wanda yake da kyau in abin dama kana amfani da shi kuma ba zai lalace ba, amma in kuɗin cefanen sati ne a hannunka ka zuba rabinsa a sabulun wata uku, ranar Alhamis me za a dafa? Babban kwali ma ba kullum ya fi araha ba, sai ka raba kuɗin da nauyi ka gani, kuma wa ke da natsuwar wannan lissafin yaro na jan zaninta.

Da can mai kanti da ido yake kallonmu, yanzu inji ne. Layukan nan baƙaƙe da ke jikin kaya, a 1974 aka fara karanta su a wani kanti a jihar Ohayo, cingam aka fara gwadawa da shi. Tun daga nan duk ƙarar da injin kashiya ya yi, kwamfuta ta rubuta me aka saya, ƙarfe nawa, tare da me. In aka ga masu sayen taliya suna haɗawa da sadin sai a matso da su kusa, in aka ga ciniki na tashi a ƙarshen wata lokacin albashi sai a sa furomo ya faɗo daidai nan. Katin kwastoma da ake baka kana tara maki, irin wanda Tesco ta Ingila ta fito da shi a 1995 ya zama abin koyi, aikinsa ya haɗa sayayyar da sunanka da lambar wayarka. Ba ina cewa kada a karɓa bane, rangwamen gaskiya ne, amma ka san me ka bayar kafin a baka.

Toh ga bambancin da nace zan zo kansa. Mma ma tana karanta kwastoma, har ta fi kwamfuta, ta san wadda mijinta ya rasa aiki, ta san wadda zata aurar da 'ya. Amma karatun nan hanya biyu ne, ita ma kwastoma tana karanta Mma, tana iya cewa "haba Hajiya, jiya ba haka kika sayar min ba", tana iya juya olonka ta duba ko an bubbuge gindinsa, tana iya yin kamar zata tafi a kira ta, a ƙarshe a zuba mata gyara, in babu kuɗi a rubuta bashi zuwa Juma'a. In Mma ta cuce ta gobe zasu haɗu a suna ko a makoki. A babban kanti su sun san ka, kai baka san kowa ba, yarinyar da ke kan inji bata da ikon rage maka ko pesuwa, wanda ya yanke farashin yana wani ofis. Ba zan ɓoye alherinsa ba, farashi a rubuce yake ba a duba tufafinka ko harshenka kafin a faɗa maka, awo daidai ne, ranar lalacewa na jiki, akwai risit. Wanda baya jin Twi ko Ga kuma bai iya ciniki ba, kanti ya fi masa kwanciyar hankali fiye da kasuwar Makola. Amma dai ƙarfin ba ɗaya bane.

Sai dai kuma kada mu ɗauka mu tumaki ne ana kora mu. Halinmu na nan ya tanƙwara tsarin da aka kwaso daga waje, kuma wannan ɓangaren ne ba a cika faɗa ba. Babban kanti irin na Turai an gina shi ne kan mutum mai mota, mai albashin wata, mai katon firij da wutar da bata ɗaukewa, wanda zai zo sau ɗaya a sati ya cika but. Mu fa? Mai hawa trotro abinda hannu biyu zasu ɗauka shi ne iyakarsa, in ya wuce haka sai mate, yaron mota, ya ce ka biya kujera. Wanda ya sha dumsor, ɗauke wutar nan, ya zubar da naman firiza sau ɗaya ba zai sake tara na wata guda ba. Mai samun kuɗi kullum kullum, kullum kullum yake saye. Shi yasa ƙananan ƙulli suka mamaye ƙasar nan, Milo na leda, Cowbell na leda, sabulun Key da ake yankawa gunduwa gunduwa, man gyaɗa a ƙulle, kuma yanzu su ma manyan kantuna dole suka ba ƙananan kaya wuri. Kayan miya kuwa har gobe kasuwa ce ke da su, mace zata sayi madara da sabulu a kanti amma tumatir da attarugu da albasa da kifi sai Nima ko Malata ko Madina, don can zata taɓa ta zaɓa ta yi ciniki. Nama ma haka, mu musulmi sai mun san wanda ya yanka, mahaucin unguwa da muke sallah sahu ɗaya da shi ya fi mana kwali mai tambari, kuma kantin da ya jera naman alade daf da na shanu a firij ɗaya ya rasa mu bai sani ba. A Turai kayan lambu ake fara tarar ka da su a bakin ƙofa don ka ji komai sabo ne, a nan sau da yawa abinda ke tarar ka shi ne fanka da bokiti da tukunyar wuta da kujerun roba, domin su ne muke yarda mu shigo kanti dominsu.

Ka dubi Melcom mai kantuna a faɗin Ghana, tun 1989 aka kafa kamfanin, bai tsaya jiran mutane su zo babban mol ba, shi ya bi su garuruwa da unguwanni da kayan gida masu sauƙin kuɗi. Ka dubi kuma kantin nan mai suna Game da ya zauna a Accra Mall, mol ɗin da aka buɗe a hukumance a 2008, babban kamfani ne daga Afirka ta Kudu amma a ƙarshen 2022 ya rufe shagunansa na Ghana. Shekarar ce hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100 a watan Disamba, sidi na faɗuwa kamar an sake shi daga bene, wanda ke shigo da kaya da dala yana sayarwa da sidi ya ji a jikinsa. A irin lokacin nan duk dabarar kiɗa da ƙamshi bata aiki sosai, mutane suna shigowa da lissafi a hannu, su ɗau abu su duba su mayar, su koma ƙaramin gwangwani, su bar sunan da suka saba su ɗau wanda basu taɓa ji ba. Mun ga mutane suna sunkuyawa sahun ƙasa a shekarar nan, har masu babbar riga. Babban kanti dai ba sabon abu bane a garin nan, Kingsway na kamfanin UAC ya buɗe katon gininsa a Akra tun 1957, kakanninmu sun gan shi, amma kasuwa tana nan inda take.

Har lokutanmu sun shiga kalandarsu. Da azumi ya matso zaka ga dabino da madara da sukari da ganyen shayi sun taso gaba, da Disamba kwandunan kyauta da biskit da mai, da za a koma makaranta gari da shito da sadin da madarar gari na 'yan kwana. Ranar sallah kuwa samari da 'yan matan zango suna cika mol da sababbin kaya, yawancinsu ba saye ya kawo su ba, hoto da askirim ne, amma masu wurin sun san yaron da ya saba zuwa yawo yau shi ne zai zo da keke gobe. Biyan kuɗi da MoMo, kuɗin waya, ma mu muka jawo shi, don ba kowa ke da katin banki ba, sai dai shi ma yana da nasa, kuɗin da ka danna a waya baya zafi kamar wanda ka kwance daga bakin zani ka ƙirga.

Bayan sallah da sati biyu na ɗauki Mma na kai ta kantin, bata taɓa shiga ba, tace tana so ta ga abinda ya cinye kuɗin 'yarta. Ta ƙi keke, ta ƙi kwando, ta saɓa mayafi ta riƙe hannunta a baya tana tafiya a hankali. A bakin layi ta tsaya gaban tulin nan mai jan kwali tace min "ɗana, wannan shi suke so ya ƙare." Muka je wajen shinkafa ta shafa buhun ta matsa shi tana neman inda zata ga ƙwayar, ta tambaye ni ta ina ake ɗanɗana garinsu nace ba a buɗewa, ta girgiza kai. A layin tumatir ta dafa kafaɗata ta durƙusa da ƙyar ta ɗauko gwangwani daga can ƙasa, tace in karanta mata kuɗinsa da na sama da tsohon lissafi, na karanta, ta riƙe na ƙasan. Da muka zo wajen biya ta ga alawa da cakulan jere daidai gwiwarta, ta daɗe tana kallonsu, sannan ta juyo tace ranar da za a sake zuwa a bar mata yarinyar a gida.